DAGA MAGINETO ZUWA KWAMFUTA: TARIHIN TARTSATSIN DA KE TAYAR DA INJI

 Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuto wani abu na tarihi, na san da yawa za su zaci zan ɗauko labarin sarauta ko na yaƙe-yaƙe. To, ni dai abin da na zaɓa bai kai girman ƙwayar gero ba, watau ɗan tartsatsin nan da ke fita a bakin fulogi.

Waɗanda muka yi aji huɗu tare za su tuna ranar da motar makaranta, mai bodin katakon nan, ta mace mana a dokar daji muna dawowa daga wasan ƙwallo, rana tana gab da faɗuwa. Hankalin kowa ya tashi, ban da direba. Ya buɗe bonet, ya cire murfin distiributa, ya karɓi kwalin ashana ya yago gefen da ake ƙyastawa, ya goge bakin kwantak da shi, ya mayar, ya ce mu tura. Ba mu yi taku ashirin ba mota ta kama. Washegari malaminmu na Fiziks ya ajiye darasin ranar, ya zana mana kwayil da kwantak a allo. Malam, in wannan mujalla ta iso hannunka, ka ga dai darasin bai bi iska ba.

Abin da ya tuno mini da wannan rana abu biyu ne. Bara motata ta ƙi tashi a ƙofar gida, makanikai biyu suka wuni a kanta ba su gano komai ba, sai da aka zo da wani yaro mai kwamfuta, ya jona ta, cikin minti biyar ya ce kwayil ɗin silinda ta uku ne ya ƙone. Ba a daɗe ba kuma ɗan wani abokin karatunmu, wanda ke koyon tuƙin jirgin sama, ya shaida mini cewa ƙaramin jirgin da ya fara koyo da shi magineto ke ba shi wuta, watau dabarar da ta girmi ta motar makarantarmu. Sai na tambayi kaina, yaya aka yi mota ta yi nisa haka, jirgin sama da muke ganin shi ne ƙarshen ci gaba ya tsaya a kan fasahar kakanni? Amsar tana cikin tarihi.

AIKIN TARTSATSI

Injin fetur mai fistin aiki huɗu yake maimaitawa. Fistin ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, a kunna musu wuta su ƙone su tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Aiki na uku shi ne ke tafiyar da mota, kuma ba ya yiwuwa sai da tartsatsi. Sharuɗɗa biyu ne a kansa. Dole ya yi ƙarfin da zai tsallaka tazarar bakin fulogi a cikin matsattsiyar iska, wanda ke bukatar lantarki mai ƙarfin dubban bolt, alhali batirin mota bolt 12 kacal gare shi. Dole kuma ya zo a kan kari. In ya makara, ƙarfin man ya tafi a banza ta salansa. In ya yi gaggawa, wuta ta tari fistin tun yana hawa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ya yi zafi, har ya kai ga lalacewa.

Mu ɗan yi lissafi irin na aji biyu. Inji mai silinda 4 yana bukatar tartsatsi 2 a kowane juyi. In yana juyi 3,000 a minti, ya zama tartsatsi 6,000 a minti, watau 100 a kowace daƙiƙa. Tafiyar awa uku daga Kano zuwa Kaduna ke nan ta ci tartsatsi fiye da miliyan ɗaya, kowanne a lokacinsa.

ZAMANIN LALUBE

A shekarar 1860 wani haifaffen ƙasar Beljiyam mazaunin Faransa, Étienne Lenoir, ya ƙera injin gas da ake kunnawa da tartsatsin lantarki daga batir. Dabarar ta yi, amma baturan wancan zamani ba su da ƙarko. Saboda haka da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya fito da injinsa mai aiki huɗu a 1876, sai ya yi amfani da harshen wuta na gaske, wanda wata 'yar ƙofa ke buɗewa ta shigar da shi cikin silinda. A 1883 Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suka kawo wata dabarar, wani ɗan bututu da ake gasawa daga waje har ya yi jajur, in fistin ya matso mai da iska cikinsa sai su kama. Mai karatu ya auna da kansa: ga fetur, ga wuta tana ci a fili, ga hanya mai gargada. Iska takan kashe wutar, motoci kuma sukan ƙone. Shi ko Karl Benz, a motarsa mai ƙafa uku ta 1886, batir da kwayil da fulogi ya sa, amma babu abin da ke yi wa batirin caji, in ya ƙare tafiya ta ƙare.

MAGINETO

Mafita ta fito daga wani ɗan shago da Robert Bosch ya buɗe a birnin Stuttgart na Jamus a 1886. Magineto ba komai ba ne illa ɗan janareta: maganaɗisu da naɗin waya, inji na juya ɗaya kusa da ɗaya, lantarki na samuwa. Ba ya bukatar batir ko kaɗan. Muddin inji na juyawa akwai wuta, muddin akwai wuta inji na juyawa. Bosch ya ƙera na farko a 1887 domin injin da ke girke wuri guda, a 1897 aka ɗora shi a kan wani keke mai inji mai ƙafa uku. Babban ci gaba ya zo a 1902, lokacin da injiniyansa Gottlob Honold ya haɗa magineto mai ba da wuta mai ƙarfin da za ta tsallaka bakin fulogi kai tsaye. Daga nan ne injin fetur ya sami damar gudu sosai.

Shekara guda bayan haka, ranar 17 ga Disamba 1903, 'yan'uwan nan biyu Wilbur da Orville Wright suka tashi jirginsu a Kitty Hawk ta Amurka. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi. Injin, wanda makanikensu Charlie Taylor ya ƙera, ƙarfin doki 12 gare shi, kuma magineto ke ba shi wuta, ko da yake ba shi da fulogi irin namu, wasu 'yan ƙarafa ne a cikin silinda ke haɗuwa su rabu su ba da tartsatsi. Ita ma motar Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, magineto gare ta, da kwayil huɗu a cikin 'yan akwatunan katako. Da hannu ake murɗa ta ta gaba kafin ta tashi, kuma direba ne da kansa ke matsar da lokacin tartsatsi da wani ɗan hannu a jikin sitiyari. Wanda ya manta bai mayar da shi baya ba kafin ya murɗa, inji yakan yi tutsu ya juya baya ya karya masa hannu.

Darajar wannan ɗan abu ta fito fili a 1914. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai Ingila ta farga cewa mafi yawan maginetocin motocinta da jiragenta daga Jamus take sayowa, watau daga hannun abokiyar gaba. Dole ta tashi haiƙan ta kafa masana'antar kanta ana tsakiyar yaƙi.

Kada wani ya zaci magineto abin gidan tarihi ne. Ƙaramin janaretan gida, da injin ban-ruwa na fadama, da injin markaɗe mai amfani da fetur, duk jikokinsa ne. Shi ya sa igiya kawai ake ja su tashi, babu batir.

KETTERING DA ZAMANIN KWANTAK

A garin Dayton na jihar Ohio, garin su Wright, wani injiniya mai suna Charles Kettering da abokansa suka kafa kamfanin Delco a 1909. Motar Cadillac ta 1910 ta fito da tsarin wutarsa, ta 1912 kuma ta fito da kik na lantarki da janaretan da ke yi wa batir caji. Da batir ya sami mai ciyar da shi, sai matsalar Lenoir da Benz ta kau.

Tsarin Kettering shi ne wanda Malam ya zana mana. Kwayil naɗi biyu ne a kan ƙarfe guda, ɗaya na waya mai kauri 'yan ɗaruruwan zagaye, ɗaya na siririyar waya dubban zagaye. Wutar batir tana bi ta naɗin farko ta cikin kwantak. Da kwantak ya buɗe baki, wutar ta yanke farat ɗaya, ƙarfin maganaɗisun da ya taru ya rushe, sai naɗi na biyu ya haifar da wuta mai ƙarfin bolt kamar 20,000. Kwandansa na hana bakin kwantak ƙonewa da wuri, distiributa kuma na raba wutar ga fulogogi bi da bi. Daga baya aka ƙara wasu 'yan ƙarafa masu buɗewa in inji ya ƙara gudu, su matso da tartsatsi gaba ba tare da sa hannun direba ba.

A nan akwai wani abin sha'awa da ya shafe mu. Jiragen farko da suka sauka Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Injin da ke jikinsu, Liberty mai silinda 12 ƙirar Amurka, wutar batir ta Delco yake amfani da ita. Ashe jiragen da kakanninmu suka fara gani da irin wutar mota suka zo. Amma wannan bai zama al'ada ba. A 1927 da Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atilantika shi kaɗai daga New York zuwa Paris, awa 33 da rabi ba sauka, magineto biyu ne suka riƙe injinsa. Tun daga wannan zamani hanya ta rabu biyu, mota ta bi batir, jirgi ya riƙe magineto.

Kwantak ya yi mulki fiye da shekara sittin. Shi ne a cikin Peugeot 504, Fijon da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shi ne a cikin Volkswagen da muke kira Basuwaja. Tazarar bakinsa ba ta kai rabin milimita ba, amma ƙwararren makanike da ido yake saita ta, ya saita taimin da kunne. Aibinsa shi ne yana cinyewa. Abu ne da ke buɗewa yana rufewa sau ɗari a daƙiƙa, wuta na cin bakinsa, duga-duginsa na gogewa, taimin na zamewa a hankali, mota na ƙara shan mai da hayaƙi har ranar da za ta tsaya. Alherinsa kuma shi ne duk inda ya tsaya ana iya lallaɓa shi, ko da da kwalin ashana.

YADDA KWANTAK YA KAU

Abu biyu suka haɗu suka kawar da shi. Na farko shi ne ƙirƙiro tiransisto a Amurka a 1947, watau makunnin lantarki da ba shi da bakin da zai ƙone. A 1963 aka fara sayar da motocin Pontiac da irin wannan wuta ga mai so, a 1968 Fiat Dino ta Italiya ta fito da ita, a 1973 kuma kamfanin Chrysler ya sa ta a dukkan motocinsa na Amurka. Maimakon kwantak, wani ɗan maganaɗisu ne ke sansano juyin inji ba tare da ya taɓa komai ba.

Na biyu shi ne doka. Hayaƙin motoci ya addabi biranen Amurka, aka yi dokar tsabtace iska ta 1970, daga 1975 aka fara sa matatar hayaƙi a jikin salansa. Ita kuwa wannan matata ba ta jure ɗanyen mai. In fulogi ya riƙa tsallake wuta, man da bai ƙone ba ya isa gare ta, sai ta yi zafi ta narke. Saboda haka wutar da ke zamewa ba ta da sauran wurin zama. Ba son gayu ne ya sa masu ƙera motoci suka canza ba, tilas ce.

Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna. A 1979 kamfanin Bosch ya fito da Motronic a cikin BMW, kwamfuta guda mai kula da mai da wuta gaba ɗaya, abin da makanikanmu ke kira ƙwaƙwalwar mota. A cikin shekarun 1980 distiributa ma ya fara ɓacewa, a 1988 kamfanin Saab na Suwidin ya ɗora wa kowane fulogi kwayil nasa a ka, tsarin da yawancin motoci ke kai a yau. Aka kuma sa wa inji wani ɗan kunne mai sauraron ƙwanƙwasa, da ya ji ta sai kwamfuta ta ja tartsatsi baya nan take. Aikin da direban Model T ke yi da hannu, makaniken Fijo ke yi da kunne, yanzu kwamfuta ke yinsa ga kowace silinda a kowane juyi.

SABABBIN DABARU

Abin da injiniyoyi ke nema yanzu shi ne a ƙona mai kaɗan cikin iska mai yawa. Matsalar ita ce irin wannan tsinkakken haɗi yana da wuyar kamawa, kamar ɗanyen itace ne, tsinken ashana ɗaya ba ya isarsa. Kowace uwargida ta san maganin wannan, a fara hura ƙirare tukuna. Haka aka yi. Ana gina wani ɗan ɗaki kamar kan yatsa a bakin fulogi, a kunna wuta a ciki, sai ta feso ta wasu 'yan ƙofofi ta kama babban ɗakin ta wurare da yawa lokaci guda. Kamfanin Honda ya yi irin wannan tun shekarun 1970 a injinsa na CVCC. Dabarar ta dawo da ƙarfi a motocin tsere na Formula One, inda Ferrari ta ɗauki ta kamfanin Mahle a 2015. A 2017 Mercedes ta ba da sanarwar cewa injinta na tsere ya mayar da fiye da rabin ƙarfin mansa zuwa aiki, alhali injin mota na yau da kullum kashi ɗaya cikin uku ko sama kaɗan yake samu. A 2020 Maserati ta sa wannan ɗan ɗaki a motarta MC20 ta hawa kan titi.

Mazda ta Japan kuwa wata hanyar ta bi a 2019. Tartsatsi na kunna ɗan yanki kaɗan, matsin da ya haifar ya sa sauran haɗin ya kama da kansa, kusan yadda injin dizal ke yi. Akwai kuma masu gwada kunna inji da hasken leza, da masu gwada wata irin wuta mai bazuwa kamar reshen bishiya maimakon tartsatsi guda, amma waɗannan ba su shiga kasuwar motoci ba tukuna.

ME YA SA JIRGI YA TSAYA?

Mu koma ga tambayarmu. Ɗauki Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000, ya fi kowane jirgi yawa a tarihi. Injin mafi yawansu magineto biyu gare shi, kowace silinda fulogi biyu, kowane magineto da nasa layin. Dokar Amurka ce ta wajabta wa injin jirgi mai fulogi hanyar wuta biyu da ba su dogara da juna ba. Ko batir ya mutu, ko janareta ya ƙone, fitilu da rediyo su ɗauke, inji bai ma san ana yi ba. Kafin kowane tashi matuƙi yakan tsaya a bakin titi, ya ba inji wuta zuwa juyi 1,700 ko 1,800, ya kashe magineto ɗaya ya saurara, ya mayar, ya kashe ɗayan. In juyi ya ragu fiye da ƙima, ko inji ya yi gargada, tafiya ta fasu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin farko ke nan, kuma shi ne babba: mota in ta mutu sai a gangara gefen hanya, a sama kuwa babu gefen hanya. Na biyu, injin jirgi ba ya hawa da sauka kamar na mota a cikin gari, yakan zauna ne wajen juyi 2,300 zuwa 2,700 awa da awanni, saboda haka tartsatsi mai lokaci guda, alal misali digiri 25 kafin fistin ya kai ƙololuwa a yawancin injinan Lycoming, ya wadatar. Na uku kuɗi ne. A 2023 an ƙera motoci fiye da miliyan 90 a duniya, jirage masu injin fistin kuwa ba su kai 2,000 ba. Kuɗin gwaji da neman amincewar hukuma a kan sabon abu yana da yawa, masu saye kaɗan ne. Kamfanin Porsche ya gwada, ya sa injin irin na mota mai wutar lantarki ta zamani a jirgin Mooney a 1988, ba a sayar da ko hamsin ba.

Ba wai magineto ba shi da aibu ba ne. Akwai kwantak a cikinsa, yana cinyewa, shi ya sa ake buɗe shi a duba duk bayan awa 500 na tashi. Wutarsa ba ta da ƙarfi in inji na juyawa a hankali, saboda haka tayarwa takan yi wuya. A can sama inda iska ta yi shara-shara, haɗin mai ya fi jinkirin ƙonewa, ya kamata tartsatsi ya matso gaba, shi kuwa ba ya motsi, sai mai ya tafi a banza. Yana kuma da wani haɗari: kashe shi ana yi ne ta hanyar zubar da wutarsa ta wata waya, in wayar ta tsinke to a kunne yake ko da makulli na aljihu, wanda ya juya farfela da hannu yana iya rasa hannun.

Ga kuma batun dalma. A 1921, a ƙarƙashin shi dai Kettering, Thomas Midgley ya gano cewa zuba sinadarin dalma a fetur na hana inji ƙwanƙwasa. Aka yi shekaru ana shaƙar gubar, sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da irin wannan mai ga motoci. Amma man ƙananan jirage da aka fi amfani da shi, 100LL, har yanzu da dalma a cikinsa, tana toshe fulogi, tana kuma sauka a kan jama'a. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. A 2022 hukumar jiragen saman Amurka ta amince da wani sabon mai maras dalma, an kuma sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan rabuwa da tsohon.

Canji dai yana zuwa, amma da taka-tsantsan. Injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya, wanda ya fito a 1989, wutar zamani gare shi guda biyu, irin ta akwatin CDI da muka sani a babura, kuma daga jikin injin suke samun lantarkinsu. A 2011 kamfanin Electroair ya sami amincewar hukuma a kan wutar zamani da za a sa wa tsofaffin injina, a 2019 SureFly da Lycoming suka biyo baya. Suna sauƙaƙa tayarwa, babu kwantak da zai cinye, wasunsu kuma na matsar da tartsatsi gwargwadon nisan sama. Amma sharaɗin bai canza ba: ko dai a bar magineto ɗaya a gefe, ko a tanadi hanyar lantarki ta biyu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai abin da ya faru da ke nuna hikimar wannan sharaɗi. A watan Maris na 2007 a garin Speyer na Jamus, wani jirgi ƙirar Diamond DA42 mai injin dizal biyu, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, ya kwana batirinsa ya mutu, aka tayar da shi da wutar waje. Yana tashi, matuƙi ya naɗe ƙafafu, injin naɗewar ya ja lantarki, wuta ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, kwamfutocin suka ɗauke, injina biyun suka mutu tare, sai saukar dole. Bayan haka aka wajabta sa wa kwamfutocin baturan ko-ta-kwana. Inji biyu ne, amma igiyar ransu ɗaya ce, kuma wannan shi ne ainihin abin da masu magineto biyu suka guda tun farko. A nan gida, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da ɗalibai da jiragen Tampico masu magineto, daga baya ta sayo na Diamond masu kwamfuta. Yaranmu da ke can sun ga zamani biyun da idonsu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, masu hankali ba sa tambayar sabon abu me zai yi in yana aiki kawai, sukan tambaya me zai faru ranar da ya ƙi. Mai jirgi ya yi wannan tambaya, ya ƙi sakin magineto sai da ya ga madadinsa. Mu kuwa mun karɓi motocin kwamfuta, galibi na hannu daga Turai da Amurka, ba mu yi ta ba. Gaskiya ne sun fi Fijo ƙarancin shan mai da ƙarancin lalacewa. Amma ranar da suka tsaya tsakanin Gusau da Sakkwato, kwalin ashana ba zai yi komai ba. Makaniken da ya yi shekara talatin yana saita taimin da kunne yau yana canza kaya ɗaya bayan ɗaya bisa tsammani, mai mota na biya, wani lokaci har a ƙone ƙwaƙwalwar motar garin gwaji. Ba laifinsa ba ne, kiɗa ne ya sauya ba a koya masa sabuwar rawa ba.

A nan ne nake ganin ƙungiyarmu na da abin yi. Muna da injiniyoyi, muna da 'yan kasuwa, muna da waɗanda suka yi aikin jiragen sama. Ina ba da shawara a taronmu mai zuwa mu duba yiwuwar gyara ɗakin koyon sana'a na makaranta, mu sa masa tsohon inji mai kwantak guda, da na zamani guda, da na'urar auna lantarki, da kwamfutar gwajin mota. Yaro ya fara ganin kwantak na buɗewa da idonsa, ya gane dalilin tartsatsi, kafin a miƙa masa kwamfuta, domin ita ma abin da Kettering ya yi a 1910 take yi, sauri da daidaito kawai ta fi shi. A lokacin hutu kuma a buɗe wa makanikan gari ƙofa su ma su zo su ƙaru. Kuɗin bai fi ƙarfinmu ba in muka haɗa hannu.

Direban nan namu bai yi aji ko ɗaya ba, amma ya san motarsa ciki da waje, shi ya sa muka kwana a ɗakunanmu a wannan dare. Ina roƙon Allah ya saka masa da alheri, shi da malamanmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma bar zumunci. Sai mun haɗu a taro.